Arewa a 1948: waɗanda suka yi magana da waɗanda aka yi magana da sunansu

Tsofaffin garinmu Ƙetare ba su saba ƙidayar shekaru da lamba ba. Idan ka tambayi dattijo lokacin da aka haife shi, sai ya ce shekarar fara, ko shekarar ɗiban gwamna da aka kwashi mutane zuwa haƙar kuza a Jos, ko shekarar da sojan Bama suka dawo gida. Kowace shekara da abin da ya raɗa mata suna, kuma sau da yawa wahala ce ke raɗawa. Ban taɓa jin wanda ya ba 1948 suna ba. Ba a yi sabon sarki a Katsina a cikinta ba, domin Sarki Usman Nagogo ya riga ya shekara huɗu a gadon mahaifinsa Muhammadu Dikko. Yaƙin Hitila ya ƙare da shekara uku, 'yancin kai kuwa sai bayan shekara goma sha biyu. Littattafan makaranta kan tsallake ta, daga tsarin mulkin Richards su dira a kan kafa NEPU a 1950.

Amma wanda ya bi watannin shekarar ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa a cikinta ne 'yan bokon Arewa suka fara haɗuwa a matsayin 'yan yanki guda, suna magana da sunan Arewa baki ɗaya. Zai kuma ga cewa mutanen da aka yi maganar da sunansu, irin manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba su cikin ɗakin da aka yi ta, ko da yake guminsu ne ya riƙe gwamnatin da ake wa maganar. Don haka zan fara labarin daga inda su suka fara shekarar, wato fulotin auduga.

Janairu a fuloti

Kudancin Katsina ƙasar auduga ce, ko kaɗa a bakin Katsinawa. Tun kafin zuwan Turawa ake noma ta, mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na turi. Turawa sun shigo da irin Amurka mai suna Allen a 1912, saboda shi ne ya dace da masaƙun Lankasha a Ingila. A shekarun 1920 suka kafa gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yau. Kamfanin BCGA, wanda mutanenmu suka mayar Bisije, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo kuma ya ratsa Funtuwa daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ana raba wa manomi angurya ta hannun hakimi da dagaci. Idan ya tsinke audugarsa, sai ya ɗora wa jaki ya kai kasuwar da hukuma ta amince da ita, malamin auduga ya duba ya ba ta lamba, a aza a sikeli, a biya shi.

Abin da manomin ba shi da hannu a ciki shi ne farashi. Tun lokacin yaƙi gwamnatin Ingila ta karɓe cinikin amfanin gonar da ake fitarwa waje, tana yanke kuɗin da za a biya kafin a buɗe kasuwa. An gama yaƙi, tsarin bai ƙare ba, domin Ingila ta fito daga yaƙin da bashi da ƙarancin abinci, har man girki da sabulu da kati ake raba wa mutanenta. Gyaɗar Kano da Katsina ta zama abin da Landan ke sa wa ido. A waɗannan shekaru ne dalar gyaɗa ta yi ta hauhawa a Kano, kuma dalilin ba yawan amfani kaɗai ba ne: jirgin ƙasa ya gaji, kawuna da taragu sun yi kaɗan, buhuna na jiran layi wata da watanni. A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga, aka ce za su riƙa ajiye rarar shekarar tsada don tallafa wa manomi a shekarar faɗuwar kasuwa. Zuwa 1954 rarar da hukumomin ciniki na Najeriya suka tara ta haura fam miliyan ɗari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuɗin da manomi ya karɓa a fuloti ba ya daɗewa a aljihunsa, domin lokacin cinikin auduga shi ne lokacin haraji. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika baitulmalin En'e a birnin Katsina. Daga nan ake biyan alƙali da ɗan doka da malamin elementare da malamin asibiti, gwamnati kuma ta ɗauki nata kason. Duk wanda ya sa babbar riga ya tafi taro Kaduna a wannan shekara, albashinsa daga irin wannan kuɗi ya fito.

Majalisa ta zo Kaduna

Kafin 1947 Majalisar Dokoki da ke Ikko ba ta da hurumi a kan Arewa. Gwamna ne ke yi wa lardunan Arewa doka da alƙalaminsa. Tsarin mulkin Gwamna Arthur Richards, da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1947, shi ya haɗa Arewa da Kudu a majalisa guda, ya kuma ba Arewa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna. Ba a kaɗa wa kowa ƙuri'a a Arewa ba. Hukumomin En'e ne suka fitar da wakilai, majalisun Kaduna kuma suka tura mutum tara zuwa ta ƙasa: sarakuna huɗu, ciki har da Sarkin Katsina Usman Nagogo da Sarkin Gwandu Yahaya, da wasu biyar da suka haɗa da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aliyu Makaman Bida da Malam Iro Katsina. A duk majalisar ƙasar mutum huɗu ne kawai zaɓaɓɓu, uku daga Ikko, ɗaya daga Kalaba.

A watan Maris 1948 majalisar ta yi zamanta na kasafin kuɗi a Kaduna, karo na farko da ta zauna a Arewa. Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda ya ƙaurace wa zaman baya don nuna adawa da tsarin Richards, ya halarta. Akawuna da malaman makaranta na Kaduna da Zariya suka ga da idonsu yadda baƙar fata ke tsayawa ya ja da manyan jami'an Turawa, suka kuma ji nasu wakilan na mayar wa 'yan Kudu martani. Ɓalewa, shugaban Midil ta Bauci a lokacin, ya yi ta nanatawa a zaman majalisa na waɗannan shekaru cewa haɗin kan Najeriya shiri ne na Turawa wanda bai kai zukatan mutane ba tukuna, yana kuma kokawa da yadda 'yan Kudu suka cika ofisoshi da tashoshin jirgi na Arewa. Shekara tara bayan haka shi ne ya zama Firayim Minista na ƙasar da yake shakkar haɗuwarta.

'Yan kwanaki kafin zaman Kaduna wani abu ya faru a Gwalkwas, Gana ta yau, wanda ya girgiza Ofishin Mulkin Mallaka. Ranar 28 ga Fabrairu tsofaffin sojoji a Akra suka yi jerin gwano don miƙa wa Gwamna kukansu a kan fansho da rashin aiki, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe uku. Gari ya rikice, aka tsare Kwame Nkrumah da wasu shugabanni biyar. Najeriya ta ba da soja fiye da dubu ɗari a yaƙin, da yawansu 'yan Arewa, kuma runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama sun dawo da mutanen da suka ga Indiya, suka ga Bature na gudu da jin yunwa kamar kowa. Turawan Najeriya sun san irin wannan wuta na iya kamawa a nan.

A watan Afrilu sabon Gwamna ya iso, Sir John Macpherson, haifaffen Edinbara ta ƙasar Sikotlan. Abin sha'awa shi ne mutanen ƙasarsa ma a lokacin suna neman a ba su majalisar kansu a cikin Birtaniya; a 1949 suka fara tara sa hannu a kan wata takardar alkawari da ta samu kusan mutum miliyan biyu, ba su kuma samu majalisar ba sai 1999. Macpherson ya zo da sassauci. Ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Babban Sakatare Hugh Foot don duba yadda za a shigar da 'yan ƙasa manyan muƙaman gwamnati. A watan Agusta kuma ya shaida wa Majalisar Dokoki cewa za a sake duba tsarin Richards, wanda aka tsara zai yi shekara tara, tun bai cika shekara biyu ba.

A Ikko an yi murna da wannan albishir. A Zariya da Kaduna ya tayar da hankali. Idan Bature zai sauka daga kujera, wa zai hau?

Lissafin da ya hana barci

Amsar tana cikin ƙididdigar makarantu. A 1947 Arewa tana da makarantun sakandare 3 da ɗalibai 251. Kudu tana da 43 da ɗalibai kusan dubu goma. A Janairun 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan da ɗalibai 104, 'yan Arewa a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Masana tarihin lokacin sun lura cewa har farkon shekarun 1950 ɗan Arewa ɗaya ne aka sani da cikakken digirin jami'a, wato Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, wanda ya karanta likitanci a Bamingam.

Yaron Ƙetare da ke son boko a lokacin sai ya samu gurbi a elementare, ya ci jarrabawar shiga Midil a birnin Katsina, sannan idan yana cikin 'yan ƙalilan masu sa'a ya wuce kwalejin da aka buɗe a Katsina a 1922, aka mayar Kaduna a 1938, take kuma shirin komawa Zariya a 1949, wadda muka sani yau da Barewa. Iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi idan an zo ɗaukar 'yan makaranta. Wannan ba ya nufin ƙauye ba shi da karatu. Makarantar allo tana kowace unguwa, malaman zaure na karantar da fiƙihu da nahawu, fatake na rubuta wasiƙa da ajami. Sai dai wannan ilmi ba ya kai mutum kujerar ofis, kuma kujerar ofis ce za a raba.

Waɗanda suka fi kowa jin zafin lissafin su ne malaman makaranta. Daga 1945 aka fara tura wasu Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan. Ɓalewa na cikin rukunin farko, Malam Aminu Kano ya bi a 1946. Daga can Aminu ya dawo da shawarar ƙungiya, kuma a 1948 Ƙungiyar Malaman Arewa ta tsaya da ƙafarta, Shettima Ajiram na Barno na shugaba, Aminu na babban sakatare. Maganarta a fili ita ce albashi da martabar malami da gyaran makarantu. Amma ita ce ta fara haɗa ma'aikacin Sakkwato da na Yola da na Ilori a ƙarƙashin inuwa guda, ba ta hannun Razdan ko sarki ba. A shekarar ne kuma wasu da za su yi fice daga baya suka tafi ƙaro ilmi Ingila: Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya je nazarin mulkin ƙananan hukumomi, Malam Isa Kaita ya tafi Ekzita karatun sha'anin mulki.

Abin da ya sa waɗannan mutane suka san juna tun kafin su haɗu shi ne jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, editanta Malam Abubakar Imam, wanda aka ɗauko daga koyarwa a Midil ta Katsina. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, a 1948 kuma kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen. Gaskiya jaridar gwamnati ce, kuma Imam ya san iyakarsa. Duk da haka shafin wasiƙunta ya zama zauren da malamin asibiti a wani lardi zai koka da cin hanci ko tsadar kaya, akawun kotu a wani lardin ya ba shi amsa. Kwafi ɗaya kan zaga hannu da yawa, mai karatu ya karanta da ƙarfi, marasa karatu su saurara. Imam kansa mutum ne mai tafiya a tsakiya. A tafiyar 'yan jarida zuwa Ingila a 1943 ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, amma ya gana da Lugard ya kuma rubuta masa dogayen wasiƙu yana zayyana illolin mulkin En'e.

Oktoba: ƙungiyar da ta ce ba ta siyasa ba ce

Shekarar 1948 ta ƙungiyoyi ce a duk Najeriya. A watan Yuni aka ƙaddamar da Egbe Omo Oduduwa a Ile-Ife, a Disamba ƙungiyar Ibo ta sake tsari a Aba, jaridun Ikko kuma suka shafe watanni suna jifan juna da kalaman ƙabilanci. A Arewa an riga an yi ƙananan yunƙuri: taron tattaunawa na Bauci a 1943, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Ɓalewa suka goge, da ƙungiyar NEPA da Habib Raji Abdallah da abokansa suka kafa a Kano a 1946.

Tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba aka yi taruka biyu da suka bambanta da na baya. A Kaduna wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Malam D. A. Rafih, ya tara mutane a otal ɗin Green. A Zariya Dokta Dikko da Abubakar Imam da wasu suka yi nasu. Ba da daɗewa ba ƙungiyoyin biyu suka haɗe suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka yi babban taron ƙaddamarwa a Kaduna a watan Yunin 1949, Dokta Dikko na shugaba. Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan kaɗan: shugaban farko na ƙungiyar da ta zama NPC Kirista ne, likita, ɗan Wusasa. Arewar da suke nufi ta ƙunshi duk wanda ke cikin lardunan, kowane addini yake bi.

Sun ce ƙungiyarsu ta al'adu da zumunci ce, kuma yaƙinta da abubuwa uku ne: jahilci da lalaci da zalunci. Suna da dalilin yin taka-tsantsan. Kusan dukkansu ma'aikatan gwamnati ne ko na En'e. Dokar aiki ta hana na gwamnati shiga siyasa, na En'e kuwa abincinsa na hannun sarki. Sun ga abin da ya samu Raji Abdallah: an kore shi daga aikin gidan waya saboda jawabansa, kafin shekarar ta ƙare aka kama shi tare da wasu matasan ƙungiyar Zikist bisa zargin tayar da fitina, aka ɗaure shi shekara biyu. Don haka suka nemi albarkar sarakuna, suka tabbatar musu cewa taimako suka zo yi.

Sai dai kalma ta uku ta fi ƙarfin a rufe ta. Jahilci da lalaci laifi ne da ake ɗora wa talaka. Zalunci kuwa sai da azzalumi, kuma kowa a ɗakin ya san inda talaka ke haɗuwa da shi: wajen kima da karɓar haraji, wajen aikin tilas a gonar hakimi, a kotun alƙali, a hannun ɗan doka. Tambayar ko za a ambaci sunan wannan azzalumi ita ce ta raba ƙungiyar. Ranar 8 ga Agusta 1950 matasan Kano suka kafa NEPU suka ce talakawa da masu sarauta ba su da buƙata ɗaya. Ranar 1 ga Oktoba 1951 ragowar ta zama jam'iyyar siyasa, Dokta Dikko ya sauka saboda ma'aikacin gwamnati ne, Sardauna da manyan En'e suka shigo. Sa'adu Zungur, wanda ya tafi Ikko a 1948 ya zama sakataren NCNC kafin ya dawo gida, ya zuba wannan damuwa a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, inda ya gargaɗi sarakuna su gyara tun kafin a gyara su.

Dandali da zaure

Duk wannan a garuruwan layin dogo ya faru. A ƙauye rayuwar jama'a na tafiya a kan nata tsari. Bayan kaka samari na shirya kalankuwa, ana dambe da kokawa, 'yan mata na gaɗa a dandali. A ƙungiyoyin samari akan raba muƙamai har da Gwamna da Joji, a kwaikwayi tafiyarsu da tsawarsu, jama'a na dariya. Talaka bai da jarida, amma yana da hanyar faɗin abin da ya gani game da masu mulkinsa.

A wannan yanki ne wani saurayi ɗan Musawa mai kimanin shekara 25, Mamman Shata, ke yawo da makaɗan kalangu tsakanin kasuwanni da wuraren biki na ƙasar Bakori da Funtuwa. Sai a 1952, a bikin 'ya'yan sarki a Kano, sunansa ya game ƙasa. Kuɗin auduga da gyaɗa ne suka samar da sababbin iyayen gida ga mawaƙi irinsa: dillalai, direbobi, malaman En'e, 'yan kasuwa. Mawaƙin fada na da ubangida ɗaya, shi kuwa duk wanda ya yi abin kirki ko abin kunya ya shiga waƙa. Rediyo bai kai ƙauye ba tukuna. A Kano akwai akwatunan da ake ja wa waya daga tasha tun 1944, kuma a lokacin yaƙi Isa Kaita da Bello Dandago sun karanta labarai da Hausa daga Akra. Sashen Hausa na BBC sai 1957. Abin da ƙauye ke gani jefi-jefi shi ne majigi, motar gwamnati da ke kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ta nuna fim ɗin tsabta ko na noman zamani, mai fassara na bayani da lasifika.

Ta fuskar addini ma shekarun na motsi ne. Alaƙar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ta ba Tijjaniyya sabon ƙarfi, tana bin 'yan kasuwa zuwa garuruwan layin dogo, Shehu Nasiru Kabara kuma na farfaɗo da Ƙadiriyya. A 1947 aka mayar da Makarantar Shari'a ta Kano Makarantar Nazarin Larabci, wadda ta yaye alƙalai da malamai irin su Abubakar Mahmud Gumi. Zawiyya da zauren malami sun haɗa mutane daga garuruwa masu nisa fiye da yadda kowace ƙungiyar 'yan boko ta iya a lokacin.

Mata fa? Babu mace ko ɗaya a majalisun Kaduna, kuma matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai 1976. Gambo Sawaba tana da shekara 15 a lokacin. Muryar macen ƙauye ɗaya da ta iso mana dalla-dalla daga wannan zamani ita ce ta Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, maƙwabciyar kudancin Katsina, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950. Littafin ya fito a 1954. Abin da ya cika shi aure ne da haihuwa da ƙawance da bori da harin bayi na zamanin ƙuruciyarta. Duniyar da take bayani tafiyar yini ɗaya ce daga inda ake taron Zariya, amma kamar ba ƙasa ɗaya ba.

A ƙetaren iyaka lamarin ya ɗan bambanta. Faransa ta soke aikin tilas a 1946, ta ba mazauna ƙasashen da take mulka damar tura wakilai majalisar Faris, aka zaɓi Hamani Diori daga Nijar a wannan shekara. Masu ƙuri'ar kaɗan ne ƙwarai, amma Bahaushen Maraɗi ya ga akwatin zaɓe kafin ɗan'uwansa na Katsina.

Abin da shekarar ta bari

Macpherson ya cika alkawarinsa. A 1949 aka bi ƙauye da gunduma da lardi ana tambayar irin tsarin mulkin da jama'a ke so. A Arewa tarukan sun bi ta hannun En'e, kuma ba abu ne mai sauƙi talaka ya saɓa wa hakimi a gabansa ba. Da aka je babban taron Ibadan a Janairun 1950, wakilan Arewa suka tsaya a kan buƙata ɗaya: rabin kujerun majalisar ƙasa. Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina, ya ce in ba haka ba Arewa za ta nemi a raba ta da Kudu. Aka ba su. Hujjarsu yawan jama'a ce, wato manoman da ke layi a fuloti. Yawansu ya sayo wa Arewa rinjaye a siyasar Najeriya, rinjayen da har yau ake ci.

Bai dace a raina mutanen 1948 ba. 'Yan ɗaruruwa ne, yawancinsu matasa masu ƙaramin albashi da za a iya kora da takarda ɗaya. Cikin shekara goma sha biyar sun kafa gwamnatin yanki, sun yi Yaƙi da Jahilci, sun buɗe masaƙar Kaduna a 1957 don a sarrafa audugar Funtuwa a gida, sun kafa jami'a a Zariya a 1962. Sun magance matsalar da ta hana su barci, wato wa zai hau kujerar Bature. Matsalar da suka bari ita ce wadda ta raba su: ta wace hanya maganar mai jaki da buhu za ta iso ɗakin taro ba tare da ta bi ta bakin wanda yake kuka da shi ba?

Mu da ke karanta irin wannan rubutu a waya mu ne magadan waɗancan malamai da akawuna. Har yanzu a Kaduna ake taro da sunan Arewa, a fitar da sanarwa, a yi lissafin kujeru. Masaƙun Kakuri sun rufe, Bisije ta zama sunan unguwa. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa sun shiga labaran duniya ta wata ƙofar: daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida, kuma manoma da yawa a yankin sun shafe damuna bayan damuna ba su iya zuwa gonakinsu na nesa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen nan sun daɗe suna faɗa kafin a waiwaye su. Tsofaffin Ƙetare sun riga sun raɗa wa 2020 suna. Ba su ba 1948 ba, domin abin da aka ƙulla a cikinta a Kaduna da Zariya ba a zo an tambaye su ba.